Digirin Kasuwanci: Maki Muke Nema Ko Fahimta?

A wata ranar Asabar cikin daminar shekarar 2024, ƙanena da ke aiki a wani banki ya zo gidana ɗauke da kundin bincikensa na digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato wanda aka fi sani da MBA, domin in duba masa Turancin kafin ya miƙa. Ya zo cike da farin ciki, domin sakamakon zangon da ya gabata ya fito, kuma ya sami maki mafi girma a darasin sarrafa kuɗi. Allah da ikonsa, sai ya tarar da baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana sayar da shadda a Kantin Kwari. Bayan an gaisa an taya shi murna, sai Baffa ya gyara zama ya ce: "To madalla, ɗana, tun da Allah ya kawo ka, warware mini wata matsala. Na sari shadda bandir 100, na sayar da ita duka, kowane bandir na ci riba. Da na koma sari, kuɗin nan gaba ɗaya, uwa da riba, bandir 88 suka sayo mini. Shin riba na ci ko faɗuwa na yi? Sannan ga mutanenku na banki suna ta bibiyata in karɓi bashi, ruwansa kashi 30 cikin 100 a shekara. In karɓa ko in bari?"

Ƙanen nawa ya yi gyaran murya, ya zubo ma'anar hauhawar farashi da Turanci, tiryan-tiryan kamar yadda take a littafi, ya bi ta da sunayen wasu ƙa'idojin lissafi guda biyu. Baffa ya saurare shi har ya dire, sannan ya ce: "Allah ya yi maka albarka. To, da Hausa fa?" Nan fa ɗaki ya yi tsit.

Amsar ba ta da nisa da abin da ya karanta. Wanda ya sayi bandir a kan naira 100,000, ya sayar 120,000, ya koma ya tarar sabo ya kai 135,000, ya ci riba a takarda amma shagonsa ya rame, domin ma'aunin gaskiya a lokacin tsadar kaya shi ne kuɗin da za su mayar da hajar kan kanta. A ƙarshen wannan shekarar, alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, saboda haka duk ɗan kasuwar da jarinsa ya ƙaru da kashi 20 a shekarar baya ya ci. Batun bashi kuwa ya rataya ne a kan saurin juyawar kaya. Idan Baffa yana samun kashi 8 a kowane juyi, kuma kayan suna juyawa sau 6 a shekara, ya tara kashi 48, ya biya banki 30, ya tsira da saura. Idan kuwa sau 2 suke juyawa, saboda rabinsu na hannun masu karɓa bashi, to kashi 16 zai samu ya biya 30, ya zama yaron banki a cikin shagonsa. Baffa ya san saurin juyawar kayansa amma bai san lissafin ba. Ƙanena ya san lissafin, har ya ci jarrabawa a kansa, amma bai taɓa zaton yana da wata alaƙa da bandir ɗin shadda ba.

Ban kawo wannan labari don in muzanta shi ba. Yaro ne haziƙi, kuma abin da aka nema daga gare shi ya bayar. Abin da nake so mai karatu ya duba tare da ni shi ne yadda aka yi muka gina tsarin da mutum zai haye darasin sarrafa kuɗi da daraja ta ɗaya, alhali bai iya ba mai shago shawara a kan bashi ba. Ni ba masanin kasuwanci ba ne, fannina kimiyyar harshe, amma aikin mai nazarin harshe ya haɗa da bambance mutumin da ya riƙe lafazi da wanda ya riƙe ma'ana, kuma na daɗe ina koyar da dabarun sadarwa ga ɗaliban sassan kasuwanci da akanta.

Tun a shekarar 1976 wani masani ɗan Ingila, Ronald Dore, ya rubuta littafi a kan abin da ya kira cutar takardar shaida. Ya nazarci Ingila da Japan da Siri Lanka da Kenya, ya lura cewa duk ƙasar da ta makara wajen shiga tsarin zamani, takardar makaranta ta fi zama ƙofa ɗaya tilo ta samun aikin albashi a cikinta. Da zarar haka ta faru, masu takarda sukan yi yawa, masu ɗaukar aiki su ɗaga sharaɗi, aikin da jiya ake ba mai sakandare yau sai mai digiri, gobe sai mai digiri na biyu, karatu kuma ya koma neman takarda. Kamar da mu yake. A jami'o'inmu, wanda matsakaicin makinsa ya kai 4.50 cikin 5.00 shi ne mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa sukan rubuta ƙarara a tallar aiki cewa wanda bai kai wannan ba kada ma ya nema. Tsakanin 3.49 da 3.50 kuwa babu wani ilimi, amma akwai aiki da rashinsa. Yaya za a yi ka ce wa ɗalibin da ya san haka ya manta da maki?

Karatun mulki da kasuwanci a Arewa ma da neman ma'aikata ya faro. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, kuma aikinta na farko shi ne horar da akawuna da ma'aikatan En'e da na gwamnati. Wannan ba aibu ba ne, buƙatar lokacin ke nan. Sai dai tunanin ya bi mu har yau. Mafi yawan masu cika azuzuwan MBA na ƙarshen mako ma'aikata ne, na banki da na kwastan da na ma'aikatun gwamnati, kuma in ka tambayi da yawansu a keɓe za su gaya maka ƙarin girma suke nema, ko kuma abokin aikinsu ya yi, kada a bar su a baya. Mutum ya baro ofis ranar Juma'a a gajiye, ya zauna lakca Asabar da Lahadi, ga iyali ga biki ga ta'aziyya. Abin da zai fara tambaya shi ne: "Malam, ina ne jarrabawa za ta fito?"

Nan ne laifin ya dawo kanmu, mu malamai. A shekarar 1976 ɗin dai, wasu masana biyu a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, Ference Marton da Roger Säljö, sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta, daga baya suka tambaye su abin da suka gane da kuma yadda suka yi karatun. Sai suka ga ɗaliban sun kasu biyu. Wasu sun bi rubutun suna neman abin da marubucin ke nufi, suna haɗa hujja da hukunci. Wasu kuwa sun bi shi suna tsintar abin da suke zaton za a tambaya, su haddace. Na farkon sun riƙe saƙon, na biyun sun riƙe gutsattsari. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne kashi na biyu, inda suka nuna cewa irin tambayar da ɗalibi ke tsammani ita ke juya akalar karatunsa, kuma tura ɗalibi ga hadda abu ne mai sauƙi ƙwarai, jawo shi ga zurfafa tunani ne mai wuya. Ma'ana, ɗalibi yana karanta malaminsa kafin ya karanta littafi. Idan ya duba tambayoyin shekara biyar da suka wuce ya ga duk "kawo ma'anar kaza" ne da "lissafo abubuwa bakwai", to ya gane abin da ake saye a wannan kasuwa, kuma shi zai kawo.

Mu ma muna da uzurinmu, ba na musu. Malamin da ke da ɗalibai 300 a aji, aka ba shi mako biyu ya miƙa sakamako, zai so tambayar da amsarta ɗaya ce, ya duba ya ga kalmomin da ya bayar a takardun darasi sun dawo, ya sa maki ya wuce. Tambayar da ke buƙatar ɗalibi ya yanke hukunci ya kare shi tana cin lokaci, tana kuma jawo ƙorafi. Amma uzuri bai canza sakamako. Na taɓa duba takardar wata ɗaliba da ta amsa tambaya da kalmominta, da misali daga sana'ar mahaifiyarta ta ƙuli-ƙuli, amsa mai ma'ana ƙwarai, na kuma san a tsarin rabon makin da aka ba mu ba za ta kai wanda ya juyo shafin littafi ba. Na ba ta abin da ta cancanta, na sha tambaya a kai. Darasin da irin wannan ɗaliba ke koya a mafi yawan lokuta shi ne kada ta sake yin tunani a ɗakin jarrabawa.

Akwai kuma batun harshe, wanda shi ne ya fi damuna. Ɗalibinmu yana karatun kasuwanci da Turanci, daga littattafan da aka rubuta a Amurka ko Indiya, da misalan kamfanonin da bai taɓa gani ba, sannan ya fito ya yi ciniki da Hausa. Ilimin yana zaune a ɗaki guda, rayuwa a wani ɗakin, babu ƙofa tsakani. Ba ina kira a daina koyarwa da Turanci ba ne, domin da shi ake rubuta yarjejeniya da rahoton banki. Abin da na sani daga fannina shi ne, mutum zai iya maimaita jimla a harshen da ya koya ba tare da ya fahimce ta ba, amma ba zai iya fassara ta zuwa harshen uwa ba sai ya fahimta. Fassara ba ta karɓar cin hanci. Ka ce wa ɗalibi ya bayyana maka da Hausa dalilin da ya sa kamfani zai iya cin riba a littafi kuma ya kasa biyan albashi, nan take za ka san ko ya gane.

Magabatanmu sun san wannan. A makarantun zaure, ɗalibi yakan buɗe littafi gaban malam, ya karanta Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala, wadda ke da babi sukutum a kan ciniki da abin da ya yi kama da shi. Ɗan kasuwar Kurmi da ya zauna gaban malami ya ji hukuncin sayar da abin da ba a mallaka ba, ko na ɓoye aibin haja, da Hausa ya ji shi, da safe kuma ya tarar da shi a rumfarsa. Babu maki a wannan tsari. Shaidar ɗalibi ita ce malaminsa ya yarda ya iya, jama'a kuma su kawo masa matsala ya warware. Hadda tana da gurbinta mai daraja, wato kiyaye lafazin Alƙur'ani, inda lafazin kansa abin nema ne. Kuskurenmu shi ne ɗaukar hanyar da aka tanada don kiyaye nassi muka ɗora ta a kan lissafin jari. Bari in ɗan ratse: kalmar riba da muke rubutawa iri ɗaya, kalmomi biyu ne daga tushen Larabci daban-daban, ɗaya ribar ciniki ta halal, ɗaya kuɗin ruwa, a furuci ne ake bambance su. Na sha jefa wannan ga ɗaliban harkar banki, kuma muhawarar da ke biyo baya takan fi lakcar armashi.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta rungumi koyarwa ta hanyar nazarin matsalolin kamfanoni na gaske tun farkon shekarun 1920. Ana ba ɗalibi labarin wani kamfani da alƙalumansa, ya zo aji a tambaye shi: in kai ne shugaba, me za ka yi? Kusan rabin makin darussa da yawa daga muhawarar aji yake fitowa. Duk da haka tseren maki ya dame su, har a 1998 makarantar ta hana ɗalibai nuna sakamakonsu ga masu ɗaukar aiki. A wasu makarantun, irin su Wharton, ɗalibai ne da kansu suka jefa ƙuri'a suka ɗauki wannan al'ada. Hujjarsu ita ce, in an cire tsoron maki, ɗalibi zai ɗauki darasi mai wuya da yake buƙata maimakon mai sauƙin ci, kuma zai taimaki ɗan ajinsa. To amma a ƙarshen 2005 Harvard ta janye dokar, saboda malamai sun koka cewa himma ta ragu. An gudu gara an faɗa gidan zago. Wannan ya nuna cewa ɓoye maki kaɗai ba ya haifar da son ilimi.

A 2002 wasu masana biyu daga Jami'ar Stanford, Jeffrey Pfeffer da Christina Fong, sun tattara binciken da aka yi a kan masu MBA, suka ce hujjar da ke nuna cewa digirin, ko makin da aka samu a cikinsa, yana da alaƙa mai ƙarfi da nasarar mutum a wurin aiki ba ta da yawa. A 2006 kuma Donald McCabe da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a jami'o'in Amurka da Kanada, inda kashi 56 cikin 100 na ɗaliban babban digirin kasuwanci suka amsa da bakinsu cewa sun yi maguɗi, a kan kashi 47 na sauran fannoni. Shekara guda bayan haka, a 2007, aka hukunta ɗaliban MBA 34 a Jami'ar Duke kan haɗa baki a jarrabawa. Waɗannan fa su ne za a damƙa wa amanar dukiyar jama'a.

A nan ne, a ganina, batun ya wuce aji. Ɗabi'ar da ɗalibi ya koya ta bautar lamba ba ta tsayawa a ƙofar makaranta. Jeffrey Skilling ya kammala MBA a Harvard a 1979 cikin kashi 5 na sama a ajinsu. Shi ne ya jagoranci kamfanin makamashi na Enron zuwa tsarin lissafin da ke ba kamfani damar rubuta ribar da yake hasashen samu nan da shekaru a matsayin ribar yau, ya kuma kafa tsarin jera ma'aikata daga daraja ta 1 zuwa ta 5, na ƙasa a nuna musu ƙofa. Kowa ya koma neman lambar da za ta faranta wa shugaba da kasuwar hannun jari. A watan Disamba na 2001 kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu, kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen ya bi shi, shi kuma Skilling kotu ta same shi da laifi a 2006. Ba jahilci ne ya kai shi ba, kaifin basira gare shi. Abin da makinsa bai auna ba shi ne ko ya san bambancin lambar da ke kan takarda da abin da lambar ke wakilta, ko kuma ya damu da bambancin. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin hari yakan daina auna gaskiya.

Mu ma mun ɗanɗana. Bayan haɗe bankuna na 2005, wanda ya rage yawansu daga 89 zuwa 25, an yi shekarun da rahotannin riba ke ta hawa, jama'a har da 'yan fansho da matan aure suka zuba kuɗi a hannun jari. Ranar 14 ga Agusta 2009, Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don ceto su, bayan bincike ya nuna tulin basussukan da ba a biya. Bankunan nan ba su rasa masu manyan takardu ba. Rahotanninsu sun ci jarrabawa shekara da shekaru.

Sai dai akwai wata hujja da ba zan tsallake ba, domin tana da nauyi a ƙasa irin tamu. Ɗan talaka da ba shi da kowa, makinsa shi ne ubangidansa. Ranar da aka ce maki ba shi da amfani, abin da zai maye gurbinsa ba fahimta ba ce, wa-ka-sani ne da takarda daga wani babba. Jarrabawar baka da makin muhawara kuma suna buɗe ƙofar son rai, da cin zarafin ɗalibai mata, abin da duk wanda ke cikin jami'a ya san ba tatsuniya ba ne. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a soke maki. Ina cewa ne a gyara abin da makin ke aunawa, ta yadda hanyar samunsa mafi sauƙi za ta zama ita ce fahimta. Ɗalibi zai bi maki duk inda aka ajiye shi, mu ne muka ajiye shi a kan hadda.

Ko ba mu so, zamani ya tilasta mana. A watan Janairu na 2023, wani farfesa a Wharton, Christian Terwiesch, ya ba manhajar ChatGPT tambayoyin jarrabawar ƙarshe ta darasinsa na MBA, ya ce amsoshin sun cancanci maki mai kyau, tsakanin B da ƙasa da shi kaɗan. Wannan tun manhajar tana jaririya ke nan. Yau duk aikin gida da kundin bincike da ke neman a kawo ma'ana a jero dalilai, waya za ta rubuta shi kafin shayi ya huce. Ɗalibin da jarinsa hadda ne yana gasa da na'urar da ta fi shi hadda, ba ta gajiya, ba ta neman albashi. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya zauna gaban Baffa, ya ji matsalarsa, ya san tambayar da zai yi masa, ya ɗauki nauyin shawarar da ya bayar.

Wani malami a Jami'ar McGill ta Kanada, Henry Mintzberg, ya yi littafi a 2004 yana sukar MBA, cewa ba a koya wa wanda bai taɓa riƙe aiki ba shugabanci a cikin aji, aji yana amfani ne ga wanda ke kan aiki ya zo ya yi nazarin abin da ya gani. In haka ne, mu muna da abin da wasu ke nema. Azuzuwanmu na ƙarshen mako cike suke da manajoji da akantoci da jami'an haraji, kowanne da matsalar da ya baro a tebur ranar Juma'a. Maimakon a sa su baje ta a tattauna, sai a zaunar da su kamar 'yan aji ɗaya ana yi musu shifta. Da za a ce kowane ɗalibi jarrabawarsa ta haɗa da matsala ɗaya daga wurin aikinsa, ya rubuta, ya kare ta gaban malamai uku, ɗaya daga wata jami'ar, a kuma naɗi zaman domin kare ɗalibi da malami, da an rage son rai an kuma rage hayar marubuta. Da za a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa da littafinsa, a ba shi alƙaluman kamfanin da bai taɓa gani ba, da hadda ta mutu da kanta. Ni kuma zan ƙara da minti biyar na bayani da harshen kasuwa, Hausa ko wanda ɗalibin ke ciniki da shi.

Misalan nazari ma ba sai mun aro ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tashi daga fataucin goro ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma zuriyarsa ta riƙe kasuwanci har yau. Me ya sa wannan gida ya ɗore alhali gidajen attajirai da yawa na zamaninsa sun watse da rabon gado? Me ya kashe masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai? Yaya kasuwar hatsi ta Dawanau ke tafiyar da cinikin miliyoyi bisa amana, kuma ina amanar ke karyewa? Tsarin ubangida da yaronsa, inda yaro ke shekaru a shago kafin a sallame shi da jari, makarantar kasuwanci ce mai zaman kanta, tana da ƙarfinta, tana da rauninta: ba a rubutu, ba a raba aljihun mai gida da na shago, ilimin yakan bi mai shi kabari. Wannan rauni shi ne ainihin aikin da ke jiran makarantun kasuwancinmu, na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma ɗalibin da ya rubuta tarihin shago ɗaya da alƙalumansa na gaskiya ya fi amfanar mu da wanda ya raba takardun tambaya 200 ya cike rabi a ɗakinsa.

Masu ɗaukar aiki, waɗanda da yawansu ke karanta wannan shafi, su ma da nasu. Tace masu nema da daraja ta biyu babba hanya ce ta rage tarin takardu, na fahimta. Amma bayan tacewar, a ba mutum matsala ta gaske ya warware a gabanku, a kuma bar wata 'yar ƙofa ga mai 3.40 da ya riƙe shagon mahaifinsa tun yana aji biyu. Ku kuma da ke biyan kuɗin MBA daga albashinku, kuɗin da ya isa jarin ƙaramar sana'a, ku ne kaɗai masu saye da na sani da ke murna idan an tauye musu mudu. Malami ya ƙi zuwa, a yi tafi. An rage manhaja, a yi godiya. Wanda ya sayi buhun shinkafa aka ba shi buhu babu shinkafa ba zai yi shiru ba.

Ƙanen nawa dai ya karɓi takardarsa, an kuma ƙara masa girma. Amma maganar Baffa ta tsaya masa a rai, har ya ɗauki Asabar uku yana zuwa Kwari, ya zauna da yaron shago suka bi littafin bashi shafi-shafi, suka ware na wata ɗaya da na wata shida da wanda mai shi ya daina ɗaga waya. Da ya kai wa Baffa lissafin, da Hausa, Baffa ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a gaya wa mutanen banki ya gode, ya kuma aiki yaron shago ya kira masa mutum huɗu daga cikin masu sunaye a shafin ƙarshe.